Gayyar Tarakta a Horo Birni

A garin Bodinga an yi wani mutum ana ce da shi Lirwanu Injiniya. Injiniyancin nan babu wanda ya naɗa masa, shi ya naɗa wa kansa. Abin da aka sani dai, ya taɓa yin wata huɗu a wani gareji a Sakkwato yana wanke notuna a kwano, aka sallame shi ran da ya ɗura baƙin mai a lagireton motar wani ɗan kasuwa. Ya dawo gida da sifana guda a aljihun gaba, inda mutanen kirki ke sa biro, ga kuma surutu cike da baki. Tun daga nan ko keke ne ya gifta sai Lirwanu ya karkata kunne ya ce akwai matsala a cikinsa.

Wannan a mulkin farar hula na biyu ne, lokacin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Kayan gyara suka daina shigowa ƙasa. Injuna suka yi ta mutuwa a inda suke tsaye, kaji na saka ƙwai a ƙarƙashinsu.

A shekarar ce matarsa Shatu ta tafi gidan iyayenta a Horo Birni wankan haihuwar fari, ta samu ɗa namiji. Arba'in ta cika, har ta ɗora da kwana goma, ba a maido ta ba. Dalili kuwa, uban Shatu, Malam Shaihu, yana da wata gonar laka da yake shuka dawa, kuma al'adar gidansa ce suruki ya kira masa gayya a huɗe ta da faɗuwar damina. Lirwanu ya yi shekara biyu yana zamewa. A ta ukun tsohon ya samu abin da zai riƙe.

Lirwanu ya tafi Horo Birni, ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya tsuguna can gefe ya kwashi gaisuwa. Ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ce, “Baba, zancen mutanen gidan ga na yak kawo ni.”

Malam Shaihu mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, ba ya gaggawa ko da gemunsa na cin wuta. Ya ce, “Zancen gona za mu hwara yi. Ruwa na bisa hanya. Ka kira gayya. Ran da anka ƙare huɗa, ran nan za a kai ma iyalinka.”

“Gayya? Baba, Allah shi ba ka yawan rai, wanga zamani wa ka noma da hannu? Tarakta zan kawo ma. Abin da mutum talatin ka yi kwana biyu, ni yi shi tsakanin hantsi da azahar.”

“Kana da tarakta?”

“Ina da ilimin tarakta, Baba. Shi na mai wuyar samu.”

Daga bayan zana surukarsa Inna Daso, wadda ba ta taɓa barin magana ta wuce ta ba, ta ce kamar da kaji take, “Shi ilimin nan, taya nawa gare shi?”

Malam Shaihu ya ce ya ji. Lirwanu ya fito ya tarar da samarin garin har sun fara wasa garemani, ya ce musu su je su huta, zamaninsu ya wuce. Samarin ba su huta ba, suka karɓi gayyar wani a Mandera.

To, Lirwanu ba haka kawai ya buɗe baki ba, akwai abin da ya taka. A bayan gidan wani attajiri a Bodinga, Alhaji Ɗanjuma, akwai tsohuwar jar tarakta wadda gindinta ya karye amma injinta lafiya lau. A Lambara kuma ƙungiyar manoma na da wata jar tarakta, jikinta garau, injinta ya mutu shekara biyu, tana hannun magatakardansu Mamman. In ka hango su daga nesa sai ka rantse guda ce. Lirwanu ya je wa Alhaji ya ce zai samo wa injinsa sabon jiki. Ya je wa Mamman ya ce zai samo wa jikinsu sabon inji. Kowannensu ya yi masa addu'a har da shafawa. Abin da bai gaya musu ba shi ne, in aka haɗa biyu ta zama ɗaya, ta wa ce.

Ya nufi garin Shagari aron sarƙar ɗaga inji wajen Maniru bakanike. Shi Maniru ya yi shekara goma cur a ƙarƙashin taraktoci kafin rashin kayan gyara ya maida shi gyaran injin niƙa. Ya saurari shirin har ƙarshe yana goge hannu da tsumma.

Lirwanu ya ce, “Uwa ɗaya uba ɗaya su ke. Henti ɗaya, taya ɗaya, kujera ɗaya.”

Maniru ya ce, “Ka buɗe cikinsu?”

“Injiniya ba shi bukatar buɗewa.”

“To ni na buɗe. Ta Lambara silinda uku gare ta. Ta Alhaji huɗu.”

“Alhamdu lillahi, ƙari munka samu.”

“Injin Alhaji ya hi wancan tsawo da taƙi guda. Ramukan noti ba su hwaɗa wa juna. Kuma ka ji ni da kyau, tarakta ba mota ta ba. Mota na da gadon ƙarhe da inji ka kwanciya bisa. Ita tarakta injin shi na ƙashin bayanta, shi ka riƙe gaba da baya. Sannan zancen man da kowace ka sha...”

Lirwanu ya saɓa sarƙa a kafaɗa ya ce, “Maniru, kai ilimin niƙa gare ka. In na tashi surhe ni neme ka.”

Aka ɗora injin Alhaji a amalanken shanu aka kai Lambara. Aka rataya sarƙa a reshen tsamiya, ƙarti ashirin suka ja, Lirwanu na tsaye bisa turmi yana ba da umarni da sifana. Aka cire mataccen inji, aka zura mai rai. Ramukan noti goma sha biyu ne. Biyar suka haɗu.

Mamman ya leƙa ya ce, “Injiniya, sauran bakwai hwa?”

“Ado na. Bature na son yawan rami.”

Ya ɗaura biyar ɗin, sauran ya zura musu waya, ya bi da ƙirin fatar shanu ya ɗaure tamau. Aka zo rufe murfin inji, ya ƙi rufuwa, hancin injin ya leƙo waje. Lirwanu ya ce dama iska yake so injin ya sha, aka jingine murfin a gindin tsamiya. Aka zo haɗa sandunan sitiyari, suka gaza da taƙi guda daidai, kamar yadda wani mai gyaran injin niƙa ya faɗa. Aka kai wa maƙerin gari ya yi musu ƙari. Maƙerin nan gwani ne a kan lauje, amma bai taɓa auna abu biyu su zo daidai ba, sandar dama ta fi ta hagu.

Ana cikin wannan aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari ya waye kowa ya nufi gona. Maƙwabtan Malam Shaihu suka huɗe, suka shuka, shi yana zaune a kan buzu yana jiran tarakta. Saƙo ya zo wa Lirwanu daga Shatu ta bakin wata mai tallar nono, wai yaro ya fara dariya in an yi masa wasa. Wannan saƙo ya taɓa shi ƙwarai, don duk cika bakin Lirwanu yana son matarsa, kuma ya gaji da shiga ɗaki ya tarar da shiru. Sai dai maimakon abin ya sa shi tunani, gaggawa ya ƙara masa.

Ya cika tanki da man gas, ya hau, ya murza. Injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ya ce batir ne, a tura. Mutanen Lambara suka tura daga tsamiya zuwa bakin rijiya. Shiru. Suka juyo da ita daga rijiya zuwa masallacin idi. Shiru. Kwana uku ana wannan hidima, har wani tsoho ya ce da ƙarfin nan a gona aka zuba shi da yanzu an kai Mandera da huɗa. A rana ta uku Maniru ya biyo kan kekensa zai je duba wani injin niƙa, ya tarar da rabin gari na nishi a bayan tarakta, Lirwanu na bisa yana cewa a ƙara wuta.

Maniru ya jingine keke, ya sa yatsa ya taɓa gefen injin. “Injiniya, mi na na wanga?”

“Hulogi.”

“Nawa?”

“Huɗu.”

“Ka taɓa ganin injin gas da hulogi?”

Lirwanu ya ce, “A Sakkwato akwai.”

“Ko a Makka babu. Wancan da kac cire shi ka shan gas. Wanga da hetur shika tashi, in ya ɗau zahi a juya mai famfo shi koma kananzir. Kwana uku kana ɗura mai abin da ba shi ci.”

Masu turi suka saki tarakta suka zuba wa Lirwanu ido. Ya gyara hula ya ce dama ya sani, tayoyin yake gwadawa. Mamman ya ce a riƙe shi kada ya yi wa Lirwanu abin da zai kai shi gaban alƙali.

Sai neman mai. Fetur dai an samu kwalba guda daga babur ɗin wani malamin makaranta, bayan Lirwanu ya yi alkawarin ba zai taɓa gyara masa babur ɗin ba har abada. Kananzir ne tashin hankali, don a shekarar ko a Sakkwato sai an yi layi. Lirwanu ya ɗauki galan ya bi gida gida yana roƙon mata su tsiyaye masa fitilunsu. Wata ta ba shi cikin murfin kwalba, wata ta ba shi zagi kyauta. Ya gama Lambara galan bai kai rabi ba, dole ya nufi Horo Birni, ya tsaya a ƙofar gidan surukai da galan a hannu, abin kunya ƙarara.

Inna Daso ta miƙo fitilarta ta saman zana. Ta ce, “A ce wa baƙon ga shi tsiyaye. Mun ba da ɗiya, mun ba da hwitila. In taraktar na cin tuwo a gaya muna mu ɗora tukunya.”

Ran nan da hantsi injin ya tashi. Wallahi ya tashi. Ya yi wata irin ƙara, hayaƙi ya turnuƙe tsamiya, mata suka rangaɗa guɗa. Lirwanu ya ji kansa ya yi girman masaki. Ya aika Bodinga a gaya wa Alhaji Ɗanjuma ya zo Horo Birni gobe ya ga aiki, ya aika a ɗauko makaɗan noma, ya ce duk mai ido ya hallara.

Washegari ya kama hanya da garmar tarakta a ɗage a baya. Nan aikin maƙeri ya nuna kansa. Lirwanu na riƙe da sitiyari sak, tarakta na karkata hagu. Ya murɗa dama, ta yi kamar ta ji, ta sake komawa hagu. Kafin su kai Horo Birni ta kwashe dangar wani mai rogo, ta bi ta tsakiyar garken wani Bafillace, ta goge gindin rumbu har ya karkace. Duk wanda ya fito da ihu sai Lirwanu ya ɗaga masa hannu ya ce ya same shi a gona. Haka ya isa da dogon ayari a bayansa, rabi 'yan kallo, rabi masu ƙara.

Gonar ta cika maƙil. Makaɗa na kiɗa. Malam Shaihu na zaune a inuwar gawo, mata na can gefe, Shatu a cikinsu da goyo tana sunkuyar da kai. Alhaji Ɗanjuma ya sauko daga motarsa da babbar riga, ya zagaya tarakta yana shafa ta.

Ya ce, “Madalla, Lirwanu. Jikin ga ya dace da injina. In ka ƙare ka kai min ita gida.”

Mamman, wanda ya biyo ayari tun daga Lambara, ya matso. “Alhaji, wane gida? Taraktar ƙungiya ta.”

“Wace ƙungiya? Injina na ciki.”

“Tayoyinmu na ƙasa.”

“Taya ka tahiya ba inji?”

“Inji ka tahiya ba taya? Shekara nawa yay yi bayan gidanka, ina yat tahi?”

Alhaji ya juyo. “Lirwanu, mi kac ce min?”

Mamman ma ya juyo. “Awo, Injiniya, mi kac ce muna?”

Lirwanu ya duba dama ya ga Alhaji, ya duba hagu ya ga Mamman, ya hango mai rogo da Bafillace na ratso taro. Ya ga babu wurin da ya fi kujerar tarakta aminci. Ya yi tsalle ya hau, ya ce wa makaɗa su ɗaga kiɗa, ya saki garma har iyakar zurfinta, ya ja hannun mai har ƙarshe.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da ruwan farko, lakar nan ta sha rana ta ƙame. Garma ta nutse ta kama. Tarakta ta yi gurnani ta ja, ƙasa ta fara tsagewa tana juyawa baƙa wuluk, mutane suka ɗau kabbara. Taku biyar. Taku goma. Lirwanu ya saki sitiyari da hannu ɗaya yana ɗaga wa wajen mata hula. A taku na goma sha biyar garma ta ci karo da tsohon kututture. Baya ta tsaya cak, gaba ta ce sai ta tafi.

Aka ji tas! Noti ɗaya ya wuce ta saman kan makaɗi. Tas, tas! Waya ta tsinke, ƙiri ya yi ƙara ya bi. Sai ga tarakta ta buɗe a tsakiya ta durƙusa, inji ya yi gaba da ƙananan tayoyi ya dafa ƙasa, kujera da manyan tayoyi suka tsaya a baya suka sunkuya. Lirwanu ya sulalo ta kan sitiyari ya zauna daɓas a tsakanin biyun, cikin baƙin mai, hula a hannu. Injin ya yi kururuwa shi kaɗai na ɗan lokaci, ya shaƙe, ya mutu. Makaɗin da bai lura ba ya ƙara bugu biyu kafin a taɓa shi.

Malam Shaihu ya tashi a hankali, ya karkaɗe riga, ya tako ya duba gaba, ya duba baya. Sannan ya dubi Alhaji da Mamman ya ce, “To, an raba muku gardama. Kowa shi ɗauki tashi.”

Dariyar da aka yi ran nan har a Lambara sai da aka ji labarinta kafin la'asar. Wasu suka kwanta a kan kunyoyin gona suna riƙe ciki. Bafillacen ma ya manta da ƙararsa.

Lirwanu ya miƙe yana ɗigar mai, ya ce, “Baba, ba laihin aiki na ba. Lakar ga ta ba ta dace da wanga samhuri ba. Da ƙasar Turai ta...”

Inna Daso ta ce daga cikin mata, “A gaya mai shi ɗauki gonar shi kai Turai. Amma shi hwara maido min kananzirina.”

Alhaji ya ce shi ba zai taɓa rabinsa ba sai an maida masa inji inda aka ciro shi. Mamman ya ce ƙungiya ba ta karɓar rabin tarakta. Kowa ya kaɗe riga ya tafi. Malam Shaihu ya tsaya a kan surukinsa, muryarsa ba ta ɗaga ba ko kaɗan.

“Na ce ran da anka ƙare huɗa. Yanzu na sauƙaƙa ma. Ran da ƙarhen ga yab bar gonata, ran nan za a kai ma iyalinka.”

Lirwanu ya ɗauka sauƙi ne. Ashe damina ta riga ta zauna. A daren aka yi ruwa, laka ta buɗe baki ta haɗiye tayoyi har rabi. Shanun kowa na aiki, babu mai aron su. Tsohon ya shuka ɗan abin da ya samu a makare, ya zagaye ƙarafan da wake. Waken ya hau sitiyari ya yi fure. Lirwanu ya yi ta zarya tsakanin Bodinga da Lambara da Shagari, ya tsuguna wa Maniru ya fi sau goma, Maniru na cewa a bari ƙasa ta bushe. Sai bayan an yanke dawa, aka ɗaure ta, sannan aka samu bijimai shida suka ja gaba zuwa Bodinga, suka dawo suka ja baya zuwa Lambara.

Malam Shaihu bai saɓa alkawari ba. Ran da aka share gurbin, ya ce Lirwanu ya shigo zaure. Aka fito da Shatu da kayanta a ɗaure, ta ajiye yaron a kan tabarma kusa da kakansa ta koma ɗauko ƙwarya. Yaro ya yi ɓulɓul, yana zaune da kansa, haƙora biyu a ƙasa. Lirwanu bai taɓa ganin haƙoran nan ba. Ɗan fari ne, ba a ɗaukarsa a gaban suruki, amma zuciyarsa ta kasa haƙuri. Ya faki idon tsohon ya miƙa hannu biyu a hankali.

Yaron ya dube shi daga hula har ƙafa, ya taɓe baki, ya tsala ihu, ya juya ya cusa kai a rigar Malam Shaihu ya ƙanƙame.

Tsohon ya shafa bayansa yana rarrashi, ya ce, “Yi haƙuri, Malam Lirwanu. Ƙiwa gare shi. Ba shi yarda da baƙi.”

Lirwanu, wanda tun da aka san shi bai taɓa rasa bayanin komai ba, ya janye hannuwansa ya ɗora a gwiwa, ya zauna yana jiran yaron ya yi shiru.